Haki a Ɗakin Kaji: Bazarar Kakuri, 2024

Litinin, 25 ga Maris, 15 ga Ramadan

Kajin sun cika mako huɗu yau. Ɗari uku na zuba a ƙarshen Fabrairu, da lissafin su isa yanka a jajibirin Sallah, lokacin da ko mai ƙaramin ƙarfi yakan daure ya sayi kaza. Rabin Kakuri da Makera da Nasarawa wannan lissafin suka yi, maƙwabtanmu Kirista kuma suka yi nasu a kan Ista. Bana bukukuwan biyu duk a tsakiyar bazara suka faɗo.

Suna 'yan tsaki, zafi muke nema musu da gawayi da fitila. Yanzu abin ya juye. Ma'aunin zafin da na rataye daidai tsayin kansu ya nuna digiri 34 da ƙarfe biyu na rana, alhali kazar nama da ta girma tsakanin 18 da 24 take sakewa. Zafin jikinta kansa ya kai 41, ga gashi, kuma Allah bai yi mata gumi ba. Hanyar da ta rage mata ita ce ta buɗe baki, ta saki fukafukai, ta manna ƙirji a ƙasa tana haki. Yau na ga manyan cikinsu sun fara.

Kajin Hausa na gidan baya suna can suna tono a gindin mangwaro, ko a jikinsu. Ba abin mamaki ba ne. A Jami'ar Alberta ta Kanada an taɓa kiwon irin kajin nama na 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56 na da bai kai kilo ɗaya ba, na zamani ya haura huɗu. Naman aka ninka, zuciya da huhu ba su bi shi da wannan saurin ba. Duk tsokar nan kuwa wuta take hurawa daga ciki.

Talata, 26 ga Maris

Na leƙa shagon magungunan dabbobi kusa da kasuwar Mande. Ban gama sallama ba yaron shagon ya zube mini leda kala-kala a kan kanta.

"Baba, maganin zafi ne ko? Wannan shi kowa ke ɗauka. Komai da komai na ciki."

Na sa tabarau na juya bayan ledar. Komai da komai ɗin har da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kajina ba ciwo suke ba, zafi suke ji, kuma nan da mako biyu a tukunyar mutane za su kwana. Irin wannan maganin yana da kwanakin da ake dakatar da shi kafin yanka, kuma yawan ɗura shi ba dalili shi ke sa ranar da cuta ta zo da gaske ya ƙi aiki. Na ce ya ba ni bitamin C zallansa, da ruwan bitamin E mai haɗe da seleniyam, da ƙullin gishirin jiki wanda ba a cakuɗa shi da komai ba. Ya ɗauko yana ƙunƙuni, wai waɗannan ba su da "ƙarfi".

Shekarun da na yi a sashen rini na masaƙa, kafin masaƙun Kakuri su mutu ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, sun bar mini ɗabi'a guda: ba na zuba sinadari a ruwa sai na karanta abin da ke jikin mazubinsa.

Laraba, 27 ga Maris

Bayan tarawihi Auta ta kira daga Zariya. Tana karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun da ta shiga aji huɗu ta mai da ɗakin kajina wurin gwajin darasinta. Na ce ta yi mini bayani da Hausar da tsoho zai gane, me bitamin ke yi wa kazar da zafi ya dama.

"Baba, ka san yalo in an yanka an bar shi, yadda yake yin baƙi? In ka matsa masa lemun tsami fa?"

"Sai ya daɗe da farinsa."

"To shi ke nan. Iskar oksijin ce ke cin sa, bitamin C na cikin lemun ke tare ta."

Sauran bayanin na rubuta shi yadda na fahimta. Jiki yana ƙona abinci da oksijin don samun ƙarfi, kuma a wajen ƙonawar wasu burbushin oksijin masu kaifi sukan kuɓuce. A lokacin lafiya jiki na da masu kama su. In zafi ya yi yawa sai burbushin su rinjayi masu kamun, su shiga cin kitsen da ke kewaye da ƙwayoyin halitta, a hanta, a hanji, a tsoka. Ga shi jini ya karkata zuwa fata da ƙafafu don fitar da zafi, hanji ya samu kaɗan, bangonsa ya yi rauni. Kaza ta rage ci, abin da ta ci bai zama nama yadda ya kamata ba, garkuwar jikinta ta yi sanyi.

Masu kamun nan su ake kira antioksidan, kuma kowanne da wurin tsayuwarsa. Bitamin E a cikin kitse yake zama, a jikin bangon ƙwayar halitta, kuma a hankali yake taruwa, don haka wanda ya jira ranar tsananin zafi kafin ya ba da shi ya makara. Bitamin C a ruwan jiki yake yawo, yana aikinsa, yana kuma farfaɗo da bitamin E da ya riga ya yi aiki. Seleniyam shi ne ƙashin bayan wani sinadari da jiki ke ƙerawa da kansa don wannan aikin. Sai a 1973 aka tabbatar da hakan. Abin da ya ba ni mamaki, kaza da kanta take haɗa bitamin C a ƙodarta, ba kamar mu ba. Shi ya sa abincin kamfani galibi ba ya damuwa da shi. A bazara ne abin da take haɗawa ke kasa isarta.

Ta ce wannan ba ilimin ƙasar sanyi ba ne da aka jawo mana. A tsangayarsu Farfesa J. O. Ayo da ɗalibansa sun shafe shekaru suna gwada bitamin C da wani sinadari mai suna betayin a kan kaji a bazarar Zariya, har da kajin da ake ɗauka a mota, suna auna zafin jikinsu da jininsu. Bazarar Zariya kuwa ita ce tamu.

Alhamis, 28 ga Maris

Wuta ta ɗauke da yamma, rediyo ya ce babban layin ƙasa ne ya faɗi gaba ɗaya. Fankar ɗakin kaji ta tsaya, mai ƙanƙara ya ninka kuɗinsa kafin magariba, don masu azumi ma ita suke nema.

Tsarin ruwan da nake bi shi ne: na cika randuna biyu tun asuba a inuwar zaure, daga nan ake ɗiba. Ruwan baƙin tankin da ke saman ɗaki da azahar ko alwala ba ya yiwuwa da shi, kuma kaza in ruwa ya yi ɗumi sosai sai ta tsoma baki ta janye. Bitamin C ba ya jure zafi da hasken rana da tsatsar ƙarfe, haka ruwan famfo mai warin kulorin. Saboda haka kaɗan nake damawa, a bokitin roba, wanda za su shanye cikin 'yan sa'o'i, in sake sabo kafin la'asar.

Juma'a, 29 ga Maris

Na dawo masallaci na tarar da maƙwabciyata a bakin ƙofa, ta dawo daga coci, yau ranar Juma'arsu mai girma ce. 'Yar Kachiya ce, ta fi ni daɗewa a kiwo, kajinta sun girmi nawa da mako biyu kuma gobe za ta fara fitar da su.

"Baba, ina wuni, ya ibada? Na ga yaronka da ledar bitamin. Ni fa kanwa da zogale ne nawa."

"Lafiya lau, Mama, ya hidima? Kanwa nawa kike zubawa?"

Ta nuna mini ɗan gutsure tsakanin yatsu. Ban raina dabararta ba. Kazar da ke haki tana fitar da iskar kabon fiye da ƙima, sinadaran jininta su jirkice, gishirin jikinta ya zube. Shi ya sa manyan gonaki ke sa bekin soda da gishirin fotasiyam a ruwa. Kanwa dangin bekin soda ce. Matsalarta, ba wanda ya san ƙarfin gutsuren yau da na gobe, ungurnu daban, jar kanwa daban, in ta yi yawa kuma sai zawo, ƙasan ɗaki ya jiƙe, wari ya tashi ya ƙara shaƙe su.

Zogalen nata a ɗaki take shanya shi, ba a rana ba, ganyen ya bushe da korensa. Nan ta fi masu karatu da yawa, don rana cinye bitamin ɗin take yi. Takan daka ta barbaɗa kaɗan a abinci. Na tambaye ta batun citta, tunda ita ma ana yabonta a wannan fanni. Ta yi dariya har da tafa hannu. Tun da annobar ruɓa ta cinye gonakin citta a Kachiya da Kagarko da Jaba a daminar 2023, ta ce, cittar da mutum bai samu ya sa a kununsa ba ita za a ba kaza?

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Mama ta sayar da nata tas, ta aiko mana da shinkafa da soyayyiyar kaza, an ajiye sai shan ruwa.

Na sauya lokacin abinci. Narkar da abinci kansa zafi yake haifarwa, kuma zafin yakan taso ne sa'o'i bayan an ci, wato wanda ya cika ciki da ƙarfe goma zai haɗa wuta biyu da ƙarfe uku. Yanzu in na tashi sahur nake zuba musu, a ɗage mazuban da hantsi, a mayar bayan la'asar sakaliya, a bar musu fitila mai caji su ci da dare. Ruwa kam ba ya yankewa. Jikana ya shiga gida yana shela wai kajin Baba ma sun ɗauki azumi.

Talata, 2 ga Afrilu

Aikin rufi. Mun shimfiɗa zana da busasshiyar ciyawa a kan kwanon, mun yaye tamfol ɗin gefe gaba ɗaya, mun kakkaɓe ƙura da yanar gizo daga ragar waya, don ragar da ta toshe da ƙura rabin iska take tarewa. Ɗakin tsawonsa gabas da yamma yake, rana ba ta shiga ta gefe, wannan ya taimaka. Na kwashe kaji sittin zuwa tsohon ɗakin awaki don a rage cunkoso, na ƙara mazuban ruwa ta yadda ba wadda za ta yi taku da yawa kafin ta sha.

Da azahar ma'aunin ya sauka da kusan digiri biyu a kan na jiya. Ledar bitamin ko guda ɗari ce ba ta sauke ma'auni ko da rabin digiri. Abin da take yi shi ne rage ɓarnar da zafin ke yi bayan ya riga ya shiga jiki.

Laraba, 3 ga Afrilu

Ranar da ta fi kowace. Tun hantsi iska ta tsaya cik, sama ta yi fari-fari, ga wani danshi-danshi na hadarin da ya ƙi zuwa. Wannan ya fi busasshen zafi haɗari, don haki ba ya sanyaya kaza sai in iska na ɗauke tururin bakinta. Ƙarfe uku ma'auni ya taɓa 38.

In ka tsaya a ƙofa ba kukan kaji kake ji ba, wani sauti ne kamar ana zuga ƙananan zugazugai ɗari biyu. Na bi su a hankali ina tayar da su, don zafin da ke ƙarƙashin ƙirji ya fita, su kuma tuna da ruwa. A kusurwar yamma na tarar da wani ƙaton zakara ya miƙe wuya a kan buntun shinkafa, ido a lumshe, baki a wangame, ƙafafunsa da zafi kamar an ɗauko su daga rana. Na tsoma shi a bokiti zuwa wuya, na riƙe kansa sama, na kai shi zaure na kwantar a siminti. Ya ɗauki lokaci kafin ya ɗaga kai, ya kai baki ga ruwa. Wani na kusa da shi ya riga ya fara shure-shure, na ce yaro ya miƙo wuƙa, muka yanka kafin ya zama mushe. Huɗu kuma ba mu riske su ba. Dukkansu manya ne, waɗanda ido ke fara sauka a kansu in mai saye ya shigo.

Da azumi a bakina na yi wannan aikin, hannuna cikin ruwan sanyi har gwiwar hannu.

Alhamis, 4 ga Afrilu

An ce jiya a garin Kayes na ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5. Mu da 38 muke kuka. A jiyan ne kuma aka sanar da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, masu manyan gonakin hanyar Abuja da ke dogara da fankoki sai su sake lissafi.

Na kira likitan dabbobi, don mutuwar kaji huɗu a wuni ɗaya ba a yi mata fatawa da ka. A jihar nan ta Kaduna, a Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka a Fabrairun 2006, kuma duk wanda ya ga abin da ya biyo baya ba ya wasa. Likita ya sa safar hannu ya buɗe ɗaya daga cikin waɗanda na adana masa a ƙanƙara. Ya duba maƙogwaro, ya duba hanji, ya duba ƙafafu, ba kumburin kai, ba majina. Ya nuna mini tsokar ƙirji, ta koɗe ta yi fari kamar an soma dafa ta, huhu kuma ya cika da jini. Ya tambayi lokacin da suka mutu da girmansu, ya kalli sauran suna cin abinci da safe garau.

"Baba, zafi ne. Amma in ka ga mutuwar ta zarce da safe ko da dare, ko ƙanana sun fara, ka kira ni nan take."

Ya ɗauki kwalbar bitamin E ya karanta, ya ja mini kunne a kan abu guda: kada ganin asara ya sa a ninka awo. Bitamin C in ya yi yawa jiki zubar da shi yake yi, asarar kuɗi ce kawai. Seleniyam kuwa guba ne in ya wuce iyaka. Abin da ake sawa bai wuce miligiram 0.3 a kilon abinci ba, kuma abincin kamfani ya riga ya zo da nasa. Na C ɗin, ya ce yawancin gwaje-gwaje a kan miligiram 200 zuwa 250 a kilo suke. Na buga lissafi: buhu mai kilo 25 giram 5 zuwa 6 ke nan, kimanin cokalin shayi ɗaya. Wahalar ita ce gauraya cokali ɗaya a buhu guda ya bi ko'ina. Sai an fara cuɗa shi a kwano ɗaya na abinci, a juye a mudu biyar, sannan a buhu. Shi ya sa masu ƙaramin kiwo irina suka fi bi ta ruwa.

Na tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, da ban ba su bitamin ba, nawa za su mutu? Ya ce ba shi da amsa, sai da a ce na raba ɗakin biyu, rabi da magani rabi babu. Wannan amsar ta fi kwanta mini a rai fiye da ta yaron shago.

Asabar, 6 ga Afrilu

An yi ɗan yayyafi da dare, ƙasa ta yi ƙamshi, da rana kuma zafi ya dawo da huci. Ba a yi asara ba.

Na je sayen buhunan abincin finisha na ƙarshe, na sa aka juyo mini ranar da aka haɗa su kafin in biya. Abincin kajin nama da mai a cikinsa, kuma mai in ya kwana biyu a shagon kwano a wannan yanayi yakan fara hamami. Abincin da mansa ya lalace yana cinye bitamin E na cikinsa tun a buhu, ya kuma kai wa kaza irin ɓarnar da ake ƙoƙarin karewa. Mutum ya sayi antioksidan a leda, ya zuba kishiyarsa a mazubi. Mu nan kudancin kogi mun ɗan yi sa'a, tun da aka buɗe babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa ta Olam a Chikun, kan hanyar Abuja, a Satumbar 2017, ba dole sai abinci da 'yan tsaki sun yi doguwar tafiya daga Ibadan ba. Duk da haka sai na buɗe buhu na shinshina. A gida kuma a kan katako nake jera su, nesa da bango.

Na auna goma da yamma. Sun ɗan gaza abin da takardar kamfanin ƙyanƙyasa ta ce su kai a wannan kwanaki, kuma na san inda ragowar ta tafi: sa'o'in da mazubai ke rataye.

Litinin, 8 ga Afrilu, 29 ga Ramadan

Mako shida cif. Masu saye sun fara zarya, mata biyu daga Barnawa, mai gashin kaji daga unguwar Television, da dillalin da ke kai wa kasuwar Tasha. Na daina ba da E da seleniyam, saura C da gishirin jiki kawai.

Da dare fadar Sarkin Musulmi ta sanar ba a ga wata ba, Sallah sai Laraba. Masu ɗinki sun yi murna. Ni kuwa ƙarin wuni guda ne na ciyar da kaji masu nauyin kilo biyu da ɗoriya a ƙarƙashin wannan rana. Na kira dillali na ce kada ya jira, ya zo gobe.

Talata, 9 ga Afrilu

Na dama musu bitamin C tun kafin sahur, don kamu da lodi da jijjigar hanya wata wahalar ce a kan ta zafi. Dillali ya so ya zo da hantsi bayan ya zaga wasu gidaje, na ce ko bayan sallar asuba ko ya haƙura. Ya zo da Keke Napep biyu da kejina. Muka kama su cikin duhu-duhu, lokacin da ba sa firgita, hannu biyu a jiki, ba a rataye da ƙafa ɗaya ba. Yaransa suka so cusa goma sha biyu a keji, na tsaya a kan takwas.

"Baba, sawu uku fa za ka sa mu yi."

"Ku yi. In suka mutu a gadar Tasha, ni da kai za mu yi rigimar wa zai biya."

Ya ɗaga wani zakara yana jinjina nauyinsa, ya hura gashin ƙirji ya duba, ya taya. Na ce albarka. Muka yi ta ja har aka daidaita, ya ƙirga kuɗi rabi, rabi ya tura ta waya. Arba'in na bari, na masu zuwa gida da na rabon dangi da na Mama. Kafin ƙarfe bakwai keken ƙarshe ya fita, yaro ya shiga kwashe buntu, don mai lambu daga bakin kogi ya riga ya biya kuɗin taki. Dillali ya tambaya ko zan zuba na Babbar Sallah. Na ce sai ruwa ya sauka sosai tukuna, kuma wannan karon ɗakin biyu zan raba shi da waya, Auta ta riƙe littafin awo.